Baƙin Sama

Kupang, watan Mayu

Yaya Yakomina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki Yaya Yermias da yara. Yaya gwiwar Mama? Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da zafin garin nan da ke neman gasa mu da ranmu. Selfina tana gaishe ku. Har yanzu tana haddar sunayen dangi kafin bikinmu, kullum sai ta haɗa kawun nan da wancan.

Albishirinki! Kin tuna takardar da na yi ta rubutu a kanta lokacin Kirsimeti, kina yi mini tsiya wai na zo gida gaida alƙalami ne ba mutane ba? To ta haihu. Mutanen ƙetare sun amince su ba ofishinmu tallafin kiwon lafiya na ƙauyukan kan dutse, kuma Oelkiu ɗinmu ce a gaba. Za a gina ƙaramin ɗakin shan magani kusa da coci, ungozoma za ta riƙa hawowa duk wata. Kowane gida kuma zai sami kicin na kwano a waje, da murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi. Tarin yaran nan da jan idon tsofaffi, duk hayaƙin zagayayyen ɗakin ciyawa ne, wanda ba taga sai ƙofar da ake shiga a duƙe. Hoton Mama da na ɗauka a bakin nata ɗakin shi na sa a gaban takardar. Shugabarmu ta ce shi ya karya zuciyar masu kuɗin.

Ga alfarmar da nake nema. Masu ba da tallafin za su zo da kansu su gani, an ce farkon watan gobe. Gidan mahaifiyar wanda ya rubuta takarda za a fara kai su. Ki dubi kunyar da zan sha idan suka tarar da hayaƙi na tashi ta cikin ciyawa. Don Allah ki lallashi Mama ta kashe wutar ɗakin, ta koma girki a sabon kicin, har sai baƙin sun zo sun tafi. Na san ba ta taɓa bari ta mutu ba tun da aka kawo ta gidan, amma ɗan lokaci ne.

Kwanon rufin zai zo a motar Kawu Lasarus ranar kasuwa. Na sa masa sukari da man zafi na Mama.

Ƙaninki,
Melki


Oelkiu, watan Yuni

Melki,

Mun amsa gaisuwa. Muna lafiya, sai mura da ta zaga yara, ta kama Yermias shi ma yana ta raki kamar shi ya fara yin ta a duniya. Gwiwar Mama tana nan yadda ka san ta. Man zafin ya ƙare, ta raba wa rabin coci.

Ranka ya daɗe, malam marubuci, saƙonka ya iso. Ba sai da na lallashi kowa ba. Ina gama karanta mata, ta sa na maimaita wurin hoton, ta tofar da jan yawun pinang, goronmu na nan da take taunawa, ta ce ashe fuskarta ta je inda ƙafarta ba ta je ba. Ta ɗauko ruwa a ƙoƙo ta kashe wutar da hannunta. Ni na kau da kai. Ta ce, “Ɗana bai taɓa roƙona komai ba sai wannan.” Wai kai ne ba ka taɓa roƙo ba!

An kafa kicin. Yana da kyau, ba zan ƙi gaskiya ba, idona ya huta in na je taya ta girki. Sai dai da rana tanda ne, da safe kuma iska na shiga ta ko'ina. Ka san sanyin wannan watan a nan. Mama na kwana a ɗakin da ba wuta, da mayafi kan mayafi.

Amma ba sanyin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ka bar gida kana ƙarami, makarantar kwana ta cinye ka, bari in tuna maka abin da hayaƙin nan yake yi. Masarar da muka girbe tana rataye dami-dami a saman ɗakin, bisa murhu. Hayaƙin shi ke busar da ita, shi ke korar waɗanda mata ba sa kiran sunansu a gidan da ke da masara a rataye, sai dai a ce baƙin sama. Sabuwar masara kuwa yanzu ta fi bukatarsa. Abincinmu yana can, kuma irin yana can: farar masarar nan mai ɗigon ja, wadda kakarmu ta miƙa wa Mama ranar da ta shigo gidan, mai jure wa shekarar da ruwa ya yi rowa. Ba wanda yake da ita a Oelkiu sai Mama. Ni a gidan mijina irin surukata muke shukawa, haka aka saba. Wannan matarka ake ajiye wa.

Ka kuma san ba mai taka tsanin hawa wurin masarar sai matar gida. Namiji ba ya hawa, ni ma tun da na yi aure na zama ta wani gida. Don haka abin da ke sama, Mama kaɗai ke gani.

Farkon wata ya wuce, ba mu ga ko ƙurar motar baƙinka ba. Yaushe za su zo? In abin zai ja, ka rubuto layi ɗaya ka ce ta hura. Daga bakina ba za ta karɓa ba, na gwada.

Yayarka,
Yakomina


Oelkiu, ƙarshen watan Yuli

Melki,

Muna lafiya. Mama na tari, na sanyi ne wannan karon, tunda hayaƙin da za a ɗora wa laifi babu shi.

Shiru kake ji. Duk ranar kasuwa sai na tare Kawu Lasarus, har ya fara ɗaga mini hannu tun daga nesa yana girgiza kai. Ya ce ya je masaukinka an ce masa ofis ya tura ka kwas a Surabaya. Ka tafi ba ko sallama? Wannan takardar zai kai ta ofishinku ne, su san yadda za su yi da ita.

Abin da nake tsoro ya faru. Baƙin sama sun sauka a ɗakin Mama. Ba su da yawa tukuna, amma sun fara ci. Mama ta ce in daina ɗaga hankali, ɗanta ya san abin da yake yi.

Ka faɗa mana da gaggawa: a hura wuta ko kada a hura?

Yakomina


Surabaya, watan Agusta

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Lafiyata lau, sai dai ba hutu, daga aji sai aji. Ki yi haƙuri, tafiyar ce ta zo babu shiri. Takardarki ɗaya ce ta same ni, abokin aikina ya zo da ita a jaka, a tsaye nake ba ki amsa don ya koma da ita.

Kai, na ji daɗin labarin nan! An ɗaga zuwan masu tallafin, amma dama an ce mutanen sama, wato na babban ofishinmu na Jakarta, za su iya turo nasu su fara dubawa. Ban san har sun iso ba, kuma a gidanmu suka sauka! Wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Kada ku yi musu rowa. Duk abin da suke so su ci a ba su, su ci su ƙoshi, in na dawo zan ga abin da zan yi. Wuta kuwa, haba Yaya, yanzu ne ma ba za a hura ba. Muddin suna gidan kada ko ashana a ƙyasta a ɗakin nan.

Ki ce wa Mama ta fitar da ni kunya. A ba ta zuma da citta don tarin.

Melki


Oelkiu, watan Satumba

Melkianus,

Gaisuwa, tunda haka aka koya mana mu fara. Muna raye.

Na karanta takardarka a bakin hanya, na zauna a kan dutse na sake karantawa, na rasa dariya zan yi ko kuka. Na so in tsallake layin nan in na zo gaban Mama, in ce mata ka ce a hura. Amma ka san ta, ba ta san harafi ko ɗaya ba, muryata kuwa ta haddace ta tun ina cikin zani. Ina yin ɗan jinkiri ta ce, “Karanta abin da ya rubuta, ba abin da kike so ba.” Na karanta. Su ci su ƙoshi. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce wataƙila wani sabon ilimi ne.

To bari in rubuta maka sunan, tunda a takarda ne, kuma ba abin da ya rage da za a ji wa tsoro. Ƙwari, Melki. Ƙwarin masara. Su ne baƙin sama. Ba wani mai takalmi daga Jakarta da ya tako Oelkiu. Kai da aka haifa a ƙarƙashin masarar nan, aka yanke cibiyarka a gefen murhun nan, sai an fassara maka maganar gidanku? Na bayyana maka komai a takardar watan Yuni. Tana can ƙarƙashin ƙofar masaukinka, in ɓera bai riga ka karantawa ba.

Yanzu in ka shiga ɗakin ka yi shiru, za ka ji su. Gari na zubowa daga sama, Mama na sharewa da safe kafin in zo, tana tsammani ban gani. Ranar Lahadi na ga farin garin a gashinta a coci, matar limamin ta kaɗe mata tana cewa tsufa ya zo. Na durƙusa na roƙe ta ta bar ni in hau in sauko da irin kawai, in kai saman murhun surukata. Ta ce ƙafata ba ta taka tsanin ba tana da rai, kuma irin gidan nan ba ya kwana a hayaƙin wani gida. Na ɗauko garwashi a ɓawon kwakwa daga gidana zan kai mata, ta tare ƙofa da jikinta. Ta ce baƙin ɗanta ba su zo ba, balle su tafi.

Kai ka ce har sai sun zo sun tafi. A wurinka magana ce ta fatar baki, ka faɗa ka hau jirgi. Ita kuwa ta ɗaure ta a bakin zani.

Maƙwabta sun karɓi kwanonku da godiya, sun mayar da shi ɗakin awaki, wutarsu na ci. Uwar mai tallafi ce kaɗai ta yi biyayya a duk ƙauyen nan. Na ji haushinka, Melki, har cikin haƙorana nake jin sa. Ka rubuto kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, ko wani abu zai tsira.

Yakomina


Kupang, watan Oktoba

Yaya Yakomina,

Ina gaisuwa. Na dawo da zazzaɓi, amma na ji sauƙi. Na tarar da takardunki biyu, ta Yuni da ta Satumba, na karanta su a jere. Ban iya cin abinci ba ranar.

Na yi kuskure, na yarda. Amma ke ma, Yaya, ana wannan halin ki rubuto mini habaicin tsofaffi? Kalma ɗaya ce. Da kin rubuta ta tun a Yuli, da ba a kai nan ba. Kin fi jin tsoron sunan ƙwaro da asarar masara.

Kuma kada haushi ya sa ki mayar da hayaƙin nan waliyyi. Ni na haƙa kabarin jaririyarki Orpa. Kwananta nawa a duniya, kina kwance da ita a gefen wutar jego, ƙofa a rufe, ƙirjinta na kuka kamar kyanwa? Ina ɗan makaranta na tsaya a waje ina jin ta. Saboda 'yarki na zauna na rubuta takardar nan, ko kin yarda ko ba ki yarda ba. Masara ana sayowa a kasuwa.

Na yi magana da sashen noma. Za su ba Mama buhun ingantaccen iri, rawaya, kyauta, ya fi namu yawan amfani in an sa taki. Sai dai ba a ajiye shi a sake shukawa, duk shekara sabo ake karɓa.

Yanzu maganar wuta. Ki ce wa Mama ta hura, yau ɗin nan. Dama ma ana bukatarta. Masu tallafin sun sa rana, mako mai zuwa, kuma shugabarmu ta ce tunda kashi na biyu na tallafin bai fito ba, ya kamata su ga matsalar da idonsu, ba gyaran ba. Suna so su shiga ɗakin da ke cikin hoton, su ga hayaƙin yadda yake. In da ɗanyen itace a sa, don ya fito sosai. Na san yadda wannan zai faɗo miki a kunne. Ɗakin shan maganin nan rabinsa ne a tsaye, in kashi na biyu bai zo ba haka zai zauna ba rufi. Ni ba zan samu zuwa ba, an bar ni da rahoto.

Ƙaninki,
Melki


Oelkiu, watan Nuwamba

Melki,

Muna gaishe ka, da fatan zazzaɓin ya sake ka. Ruwan farko ya sauka. Kowa yana gona.

Maganar Orpa ba zan amsa maka da yawa ba. Ni na haife ta, ni na ji lokacin da ta yi sanyi a hannuna, ba sai ɗan makarantar da ya tsaya a waje ya tuna mini ba. Ban taɓa cewa hayaƙi bai da laifi ba. Yarana na baya a waje na yi jegonsu, na sha zagin surukata a kai, ba tare da tallafin kowa ba. Da ka tambaye ni tun kana rubutunka na Kirsimeti, da na faɗa maka yadda za a raba yaro da hayaƙi ba a raba masara da shi ba. Hoto ka ɗauka, ba ka yi tambaya ba. Sunan 'yata kuma kada ka sake sa shi a takardar da za ka roƙi ɗanyen itace a cikinta.

Baƙinka sun zo, mota biyu. Mama ta hura wuta tun da safe, da ɗanyen itace kamar yadda ka ce. Ta sa zanin da ta saƙa don bikinka. Wata baturiya doguwa ta duƙa ta shiga, ba ta jima ba ta fito tana tari, hawaye shaɓe-shaɓe, ta riƙe hannun Mama tana magana. Mai fassara ya ce wai tana mamakin yadda mutum zai rayu a haka shekara da shekaru, kuma ta yi alkawarin ba za su bar mu ba. Mutuniyar kirki ce, har ga Allah. Zafin wutar ya taso da baƙin sama, suka riƙa faɗowa a kafaɗunta da gashinta. Ta kaɗe, ta tambaya mene ne. Shugabarku ta ce toka ce.

An yi musu faten masara da wake da kabewa. Masarar daga gidana na kawo. Sun yaba.

Da suka tafi, Mama ta hau sama. Na riƙe mata tsanin, wannan dai an yarda in yi. Ina jin gwiwarta na ƙara a kowane mataki. Ta daɗe. Ta sauko da damin irin gaba ɗaya a hannu ɗaya, ita da a da sai ta raba shi take iya ɗauka. Muka zauna a ƙofa muka ɓare. Kowace ƙwaya da hudarta, in ka matsa sai ta fashe. Na zuba su a ƙwaryar ruwa ko wasu za su nutse. Duk suka taso. Na sa hannu na laluba gindin ƙwaryar ko da guda, ban samu ba.

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, na zage ka, na zagi ofishinku da masu kuɗinku da kaina. Ta ce in rufe bakina, ba a zagin mutum a ɗakin da aka haife shi.

Buhun rawayanku ya iso, mun shuka mata shi, ba yadda za a yi. Sai dai ba ta fito gona ba ranar, karo na farko da na sani. Da yamma ta kashe wutar, wannan karon ba wanda ya roƙe ta. Ta kira Yermias ta ce ya fitar da tsanin ya faskara, tunda irin da ake karɓa a ofis ba ya bukatar a hau masa sama. Yermias ya tsaya yana kallona. Ta ce ko sai ta ɗauko gatarin da kanta? Da itacen tsanin aka dafa abincin jiya, a sabon kicin, hayaƙi na fita ta bututu lafiya lau.

Ka faɗa wa Selfina ba sai ta koyi hawa ba. Ranar da ta shigo gidan nan ba abin da za a miƙa mata.

An ce kashi na biyu ya fito, an fara rufin ɗakin shan magani. Zan kai yarana, zan kuma kai Mama saboda tarin, bai sake ta ba.

Tana nan zaune kusa da ni ina rubutu. Na tambaye ta ko tana da saƙo, na ce ta faɗi duk abin da ke ranta, zan rubuta ba ragi. Ta yi tunani, ta ce ka riƙa cin abinci, kada zazzaɓin ya dawo. Sannan ta ce in tambaye ka, hayaƙin ya fito sosai a hoton da baƙin suka ɗauka? In bai yi ba, ka yi haƙuri, itacen ne bai kai ɗanyen da take so ba.

Yayarka,
Yakomina